Haƙorin Gwaggo a Cikin Na'urar Ranin

Ƙarar nake fara tunawa kafin komai. Gwam, gwam, gwam, sai wani dogon gurnani, sai kuma tak-tak-tak da sauri, kamar an zuba mata uku a cikin babbar randa an ce su yi daka. Ta bayan ƙofa mai kauri nake jin ta, ina zaune a kujerar roba, bakina ya bushe da azumi, takalman Gwaggo Dije suna kan cinyata.

Bana azumi ya zo mana Jidda a cikin sanyi. Tagogi a buɗe muke buɗa baki, iskar teku tana ɗaga labule a hankali, har mutum ya manta da ƙishirwa. Shekaran jiya da la'asar maƙwabcinmu na sama ya kama huda bango da inji. Na ajiye ludayin shurba, miyar buɗa bakinmu, na tsaya ina saurare. Ummi ta tambaye ni abin da ya faru, na ce Gwaggo na tuna. Ta yi dariya har ta zauna.

Wancan azumin a watan Agusta ya faɗo, ina da shekara goma sha huɗu. Wanda bai taɓa yin Agusta a Jidda ba zai ɗauka zafi rana ce kawai. Namu zafin jiƙaƙƙe ne. Teku ce take tasowa ta shigo gari ba tare da an ga ruwanta ba, ta kwanta a fatar mutum, ta jiƙa bango, ta sa gishiri ya dunƙule a kwalba. Shanya takan kwana biyu a igiya ba ta bushe ba. A unguwar Bani Malik muke, hawa na uku, babu lifta. Famfo yakan ɗauke kwana da kwanaki, sai mazan gidan su yi ta karakaina wajen neman wayit, motar da ke kawo ruwa, mu kuma mu riƙa alwala da kofi ɗaya. Abuya gyaran mukayyif yake yi, na'urar sanyaya ɗaki, saboda haka duk Jidda nemansa take a wannan watan. Namu na falo kuwa ya yi sati uku yana ɗiga a bokiti, yana hura wata iska mai ɗumi kamar numfashin akuya. Kullum Abuya ya shigo sai ya dube shi ya ce gobe.

Kwanakin duk kama ɗaya suke. A yi sahur, a yi asuba, gari ya mutu murus har azahar. Bayan azahar Ummi ta ɗora shurbar hatsi, ta soya nama da albasa, ni in zauna a ƙasa da faranti ina naɗe sambusa, gumi yana gangarowa ta bayan kunnena. Dab da magariba Abuya ya hawo da ledar ful, wato dafaffen wake, da subiya, abin sha mai sanyi, farantai su fara yawo a matakala, na sama su aiko, na ƙasa su aiko, har ka rasa abincin wa kake ci. Ni a lokacin ina rubuta 'yan baitoci a bayan littafin lissafi, galibi a kan wata da teku, ko da yake daga tagarmu abin da ake gani tankin ruwan maƙwabta ne.

A goma ga watan Gwaggo Dije ta iso. Yayar Abuya ce, uba ɗaya. Kakanmu ya baro ta a Ƙaura Namoda tana goye ya taho aikin hajji, ya zauna, ya yi aure a nan, bai koma ba har ya rasu. Ita da Abuya ba su taɓa ganin juna ba sai a hoto. Ta gama umararta ta taho gidanmu da buhun kuka da daddawa, da murya irin wadda aka saba kiran mutum da ita daga wancan gefen gona. Ta dubi Abuya, mai furfura a gemu, ta ce ashe Auta ya girma.

Hannunta na dama ne ya kawo ta. Fura take yi ta sayar tun tana budurwa, sai wuya ya fara yi mata ciwo, ciwon ya gangaro kafaɗa, yatsu suka koma kamar na aro. Ludayi yana faɗuwa daga hannunta ba ta sani ba. Wasu suka ce shanyewar jiki ce take tafe, wasu suka ce sammu ne. Likita ya rubuta mata takarda a kan a ɗauki hoton wuyan da babbar na'ura, wadda suke kira MRI, mu a nan muke cewa ranin. Ta ciro takardar daga leda, ledar daga cikin wata ledar, ta ba mu labarin yawon da ta yi da ita.

A garinsu, in ji ta, akwai injin hoton ƙashi, yana aiki idan akwai wuta, idan kuma mai ɗaukar hoton bai tafi gona ba. Amma likita ya ce wannan ba zai ga abin da ake nema ba. Ta shiga mota ta yini a hanya zuwa wani babban birni, aka ce na'urar tana jiran wani ƙarfe daga Turai. Bayan wata uku ta koma, aka ce ƙarfen ya iso, wanda zai ɗaura shi ne bai iso ba. A wani birnin aka rubuta sunanta a layi, aka ce ta dawo bayan babbar salla ta ji inda aka kwana. Sai 'ya'yanta suka yi shawara su turo ta umara, ta yi ibada, ta kuma shiga injin, tunda a ganinsu ƙasa mai tsarki kowane lungu da nasa.

Abuya ya sunkuyar da kai ya yi mata bayani. Na'urar tana nan, amma baƙo ba ya shiga sai da abin da ya fi ƙarfinmu. Mu katin ta'amin muke da shi, na lafiya, daga kamfanin da yake yi wa aiki, kuma asibitin da katin ke aiki a cikinsa ranin ɗinsu guda ɗaya ne, mutane wata da watanni suke jira. Jirgin Gwaggo kuwa ashirin da bakwai ga azumi zai tashi. Idan ba ta shiga kafin nan ba, haka za ta koma da hannun da takardar, ta sake mayar da ita cikin leda.

Kwana biyu ba wanda ya sake tayar da zancen. A rana ta uku Ummi ta fito daga ɗaki da wata takarda ta ajiye a kan tire. Ranin na wuya, ashirin da huɗu ga wata, ƙarfe goma na safe. Sunan da ke kai Safiya, sunan Ummi. Ta ce an samu hanya, halas, wato zance ya ƙare. Ba wanda ya tambaye ta yadda aka yi. A unguwarmu aron kati ba baƙon abu ba ne, ana aronsa kamar tukunyar biki, niƙabi ya rufe sauran.

Daga ranar muka buɗe makaranta a kicin. Dole Gwaggo ta zama Safiya, 'yar shekara arba'in da ɗaya, haifaffiyar Jidda. Ni ce malamar, domin ni zan raka ta. Ummi ba za ta je ba, tunda Safiya biyu ba sa shiga asibiti ɗaya. Darasin ba shi da yawa. Idan an kira suna ta miƙe. Idan an yi mata magana ta nuna wuya ta girgiza kai, ni in amsa. Babban darasin shi ne kada ta gaishe da kowa. Wannan ne ya fi ba ta wahala. Ta ce ita ba ta taɓa wuce ɗan Adam ba ta tambaye shi gida da iyali ba, ba kuma za ta fara a watan azumi ba. Nakan kira "Safiya" daga ƙofar kicin, sai ta waiga ta ƙwala wa Ummi kira ta ce ana nemanta.

Wata rana ta ja ni gefe ta tambaye ni a hankali ko injin yana ganin cikin mutum duka. Na ce wuya kawai zai duba. Ta ce to madalla, don ranar da suka sauka daga jirgi jiri ya ɗebe ta ta kurɓi ruwa da rana, za ta rama, amma ba ta son a gani a hoto a kawo wa Auta.

Ana gobe za mu je, wata Hajiya da suka zo jirgi ɗaya ta biyo ta da la'asar suka fita. Gwaggo ta dawo dab da magariba. Aka kira salla, ta ɗauki dabino, ta yi mana murmushi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai raba tsaraba. A sama, gefen hagu, haƙorin Makka yana walƙiya. Wani mutum a unguwar Hindawiyya ya sa mata, ya ce zinariya ce tsantsa. Muka yi ta barka, Khala Rabi ta hawa na biyu har da guɗa ƙasa-ƙasa.

Bayan an sha ruwa matan gidan suka taru don binciken ƙarfe, saboda takardar ta ce ko allura kada a shiga da ita. Aka cire 'yan kunne, aka cire awarwaro, aka kwance fil huɗu daga zani. Aka gano makullin akwati a ɗaure a ƙugu, da wani tsohon kwabo a bakin ɗankwali wanda ita kanta ta manta da shi. Khala Rabi ta laluba kitson da yatsa layi-layi. Duk wannan aikin Gwaggo tana zaune tana yi mana murmushi, haƙorin yana haska fuskokinmu, kuma a cikin mata shida ba wadda ta lissafa shi. A wurinmu ƙarfe shi ne abin da ke tsatsa. Zinariya ado ce.

Da safe Abuya ya sauke mu a ƙofar asibiti da motarsa cike da bututu, ya wuce aiki. Gwaggo tana cikin abayar Ummi, da niƙabi da safar hannu, abayar tana jan ƙasa. Na miƙa kati da iƙama, takardar izinin zama. Ma'aikacin bai ko ɗago kai ba. A ɗakin jira ta yi minti goma cur tana shiru, sai ga wata mai shara da alamun 'yar gida. Kafin in riƙe ta ta riga ta tambayi matar ina kwana, ina gajiya, 'yar wane gari ce. Da aka kira Safiya sai da na tsungule ta.

Mai kula da na'urar wata 'yar Filifin ce, gajera, mai sanyin murya. Da Gwaggo ta ɗage niƙabi, matar ta dubi takarda, ta dubi fuska, ta sake duban takarda. Ta tambaye ni da guntun Larabcinta ko wannan ce mamata. Na ce ita ce. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce Mama ta sha wahalar rayuwa. Gwaggo ta tambayi abin da ta ce, na ce ta ce kina da kyau. Aka tambayi ƙarfe, na ce mun cire duka. Matar ta nuna haƙorin. Na ce zinariya ce. Ta ɗaga kafaɗa ta shiga da ita.

Ba a fi minti bakwai ba ƙarar ta tsaya. Matar ta kira ni ta nuna mini allo. Na ga kan Gwaggo daga gefe, fari da toka-toka, kyakkyawa kamar wata a daren sha huɗu. Amma daga muƙamuƙi zuwa rabin wuya wani baƙin tabo ya cinye komai, kamar husufi, daidai wurin da aka sha duk wannan tafiyar don a gani. Ta ce haƙorin nan ba zinariya ba ne. Ta duba littafinta ta ce wanda aka sa wa ƙarfe biyu ya fasa zuwa. Idan mun dawo babu haƙori za ta sa mu. Idan mun wuce biyu, sai bayan salla.

Muka ɗauki tasi zuwa Hindawiyya. Ƙarfe sha ɗaya na safe a watan azumi, ko kyanwa ba ta yawo. Kwalta tana tururi, shaguna duk a garƙame. Na buga ƙofar mai haƙorin har hannuna ya yi zafi, wani tsoho ya leƙo ta taga ya ce mutumin ba ya buɗewa sai bayan tarawihi. Muka koma gida, muka hau matakala, Gwaggo tana hutawa a kowane hawa, harshena ya manne a dasashi.

Kafin mu zauna labari ya zaga gidan. Khala Rabi ta ce a ɗaura zare a ja. Wata ta ce a kurkure da ruwan ɗumi, aka tuna mata ana azumi. Gwaggo ta rufe baki da mayafi ta ce ba mai taɓa mata haƙori. Mutumin ya rantse mata yana fuskantar alƙibla, injin ne bai san zinariya ba. Ta ce ta yaya za ta sauka a Ƙaura da baki irin na wadda ta je Gusau cin kasuwa. Ummi ta durƙusa a gabanta ta ce Yaya, hannun fa. Gwaggo ta sauke mayafin daga bakinta.

"Tun ina yarinya," ta ce, "duk alhajin da ya dawo sai na je na leƙa bakinsa, ko Babanmu ne. Na ce in Allah ya kawo ni, ni zan koma da shi a madadinsa."

Mukayyif yana ta ɗiga a bokiti. Agogo ya nuna sha biyu da rabi.

Ana cikin haka Abuya ya shigo, ashe Ummi ta kira shi a waya, rigarsa sharkaf da gumi, akwatin kayan aiki a hannu. Aka yi masa bayani kowa yana magana lokaci guda. Bai yi musu da kowa ba. Ya buɗe akwatin ya ɗauko sukudireba mai maganaɗisu a baki, irin wadda yake ɗauko ƙananan kusoshi da ita daga cikin inji. Ya karɓi zoben auren Ummi ya kanga, zoben bai motsa ba. Ya ce Yaya, ki buɗe baki kaɗan, ba zan ja ba, gwadawa kawai zan yi. Ta buɗe. Ya matso da ita a hankali. Muka ji ƙyas. Ya saki hannunsa, sukudirebar ta tsaya a bakin Gwaggo ita kaɗai, tana ɗan lilo.

Khala Rabi ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. Ni na cusa fuska a labule. Gwaggo ta sa hannun hagu ta cire sukudirebar, ta dube ta sosai, ta miƙa wa Abuya.

"Auta, cire shi," ta ce. "Amma in jini ya fito, azumina yana wuyanka."

Aka tafasa filaya a tukunyar shayi. Matan suka shiga gardamar ko jinin haƙori yana karya azumi, ba su gama ba Abuya ya ce bismillah. Ko ja bai yi ba sosai, abin ya zame ya fito kamar murfin biro. Babu jini ko ɗigo. Gwaggo ta laluba wurin da harshe. Na lura ba ƙaryar zinariyar ce ta fi ɓata mata rai ba, sauƙin fitar ne. Ta ce ko don mutunci ai ya ɗan yi gardama.

Biyu saura minti goma muka isa, Abuya yana tuƙi bututu suna kaɗawa a baya. Matar nan ta leƙa bakin Gwaggo ta ɗaga babban yatsa. Wannan karon ƙarar ta yi rabin awa, ina zaune da takalma a cinya da haƙori a tafin hannu, ina ƙirga bugun kamar mai jan carbi. Da aka buɗe ƙofa matar tana dariya. Ta ce ba ta taɓa samun wanda ya kwanta lamo irin Mama ba. Ashe barci ta yi. A mota Gwaggo ta ce ƙarar irin ta injin niƙan unguwarsu ce, ga shi kuma tun da ta zo ƙasar nan wannan ne ɗaki mai sanyi na farko da ta samu ta miƙe ƙafa. Kafin magariba Abuya ya gyara mukayyif ɗin falo.

Bayan kwana biyu likita ya ɗaga hoton ya nuna mini. Ba shanyewar jiki ba ce. Wani faifai ne tsakanin ƙasusuwan wuya ya zame ya danne jijiya. Ya rubuta magani da abin ɗaurawa a wuya, ya nuna motsin da za ta riƙa yi safe da yamma, ya ce Safiya ta daina ɗaukar kaya a ka. Gwaggo ta tafi da babbar ambulan ɗin hoton a rungume, ta hana a sa ta a akwati. Haƙorin ma da shi ta tafi. Ta koma wurin mutumin da kanta, ban san abin da ta gaya masa ba, amma ya manna mata shi da kyau har yau bai motsa ba. Hannun ya dawo, ba duka ba, amma ya isa dama fura. Yanzu takan kira mu ta bidiyo, haƙorin ya cika allo. Jikokinta sun ce an kawo irin na'urar kusa da su, ta ce ita ta riga ta shiga ta Makka.

Bara na raka Ummi asibitin. Ranin ɗinsu ya ƙaru, kwana huɗu kacal muka jira. Likitan, wani matashi, ya buɗe sabon hoton wuyanta, ya jawo tsohon daga fayil ya jera su. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce akwai matsala a sabon, ta daɗe kuma, amma abin da ya ɗaure masa kai daban ne. Shi dai tun da yake aiki bai taɓa ganin wuyan da ya koma ƙuruciya ba. Ummi ta ce ikon Allah ne, ta gyara niƙabi.

A mota muka yi dariya har direba ya waigo. Da muka lafa na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba, yadda ta samo wa Gwaggo layi a kwana uku. Ta dubi taga ta ce ba ta samo komai ba. Nata ne. Likita ya rubuta mata tun watan Jimada saboda wuyan da ke hana ta barci, ta yi wata huɗu tana jira, ko Abuya bai sani ba. Bayan nan kuma ba ta iya komawa ta nemi wani, tunda fayil ya nuna an riga an ɗauki Safiya hoto. Sai ta riƙa yin motsin nan da aka koya wa Gwaggo, safe da yamma, a kicin, idan mun tafi makaranta.